Tsohon ƙaho da sautin sama: abin dubawa ga mabushin gaba

A babbar ƙungiyar jaz irin ta Amurka, wadda ta yi tashe tun shekarun 1930, mabusa tirampet huɗu ko biyar ne ke jeruwa a sahun baya. Tirampet shi ne ƙahon tagulla mai bawul uku da ake gani a hannun 'yan badujala. Ɗaya daga cikin mabusan shi ne mabushin gaba. Sautinsa ne ke hawa bisa na kowa, shi ke nuna inda za a ja sauti da inda za a datse shi, sauran kuma su bi. Yakan shafe awa biyu ko uku yana busa a ƙololuwa, inda leɓe ke saurin gajiya, kuma kuskurensa ba ya ɓuya.

Mabusa da dama yanzu sun raja'a a kan tsofaffin ƙahoni, waɗanda aka ƙera tsakanin shekarun 1940 da farkon 1970. Hujjarsu ita ce da tsohuwar zuma ake magani: da waɗannan ƙahonin aka ɗauki fayafayen da har yau ake koyo da su. Conrad Gozzo, wanda ya ja gaba a da yawa daga cikin fayafayen Frank Sinatra na kamfanin Capitol, da Besson ƙirar Faransa aka san shi. Hujjar tana da tushe, sai dai yayin ya sa ana sayen suna a bar kaya.

Ƙaho ba ya ba mutum sautin da babu shi a leɓensa. Sautin da mabusa ke kira babban C yana karkaɗa iska kusan sau 932 a daƙiƙa ɗaya, wanda ke samansa da cikakken hawa guda kuwa ninkin haka ne. Leɓe da harshe da matsin numfashi ne ke samar da wannan. Abin da ƙaho mai kyau ke yi shi ne rage wahala: ya sa kowane sauti ya zauna daram a mazauninsa, ya mayar wa mabushi da ɗan turjiya da zai jingina a kai, ya kuma jefa sautin har ƙarshen zaure ba tare da an yi ta kokawa ba.

Kan faɗin bututu ake yawan ruɗewa. Akwai masu ɗauka cewa babban sauti sai babban bututu, su kafa hujja da Maynard Ferguson, wanda a shekarun 1970 ya riƙa busa ƙirar Holton mai faɗin inci 0.468. Sun manta cewa kafin nan ya daɗe da Conn Connstellation 38B, wanda faɗinsa inci 0.438 ne kawai, ƙasa da matsakaicin 0.459 da aka fi sabawa da shi. Ferguson mutum ne mai ƙarfin numfashi na daban. Ga yawancin mabusa, bututu mai faɗi yana shanye iska, kafin a kai rabin dare leɓe ya saki. Matsakaici ko ɗan matsattse ya fi tsare ƙarfi. Lambar ma ba ta faɗin komai ita kaɗai, domin siffar bututun farko, wanda iska ke fara shiga, da buɗewar mazurarin gaba sun fi tasiri a kan yadda ƙaho ke karɓar iska. Connstellation, duk da ƙaramar lambarsa, ba ya shaƙe mai busa shi.

Ba kowane sanannen ƙaho ne ya dace da wannan kujera ba. Martin Committee, da Miles Davis da Chet Baker suka busa, yana da sauti mai kauri da taushi, kuma sautukansa ba su da tsayayyen mazauni. Wannan ni'ima ce ga mai busa shi kaɗai yana lanƙwasa sauti yadda ya ga dama, amma ga na gaba, wanda mutum uku ko huɗu ke daidaita kunne da shi, nauyi ne. Ƙahonin da suka fi zama a nan su ne marasa nauyi masu kaifin murya: Benge, wanda Elden Benge ya fara ƙerawa a Shikago kafin ya koma Burbank a 1953, Calicchio na Hollywood, abokin mabusan ɗakunan ɗaukar sauti, da Schilke irin wanda Bill Chase ya yi amfani da shi. Bach na zamanin da ake ƙera shi a garin Mount Vernon kuwa, farashinsa ya bi masu tara kayan tarihi, ya wuce amfaninsa ga mai neman na aiki.

Lafiyar ƙahon ta fi sunansa muhimmanci, kuma nan ne ya kamata mai saye ya ɓata lokaci. Bawul ɗin da aka shekara sittin ana dannawa yana cinyewa, iska ta riƙa zurarewa ta gefe. A sautin ƙasa ba a cika lura ba. A sama, inda matsin iska ya fi yawa, sai sautuka su riƙa santsi, mabushi ya ƙara danna ƙaho a leɓe, ya gaji da wuri, ya ɗora wa kansa laifin da na ƙarfe ne. Gwajin ba shi da wuya. A zare ɗaya daga cikin ƙananan bututun ba tare da danna bawul ba. Idan bai yi ƙara kamar an cire toshiyar kwalba ba, akwai yoyo. Ko a zuba wa bawul mai mai kauri a busa: in ƙahon ya gyaru nan take, man ne ya toshe giɓin. Ana iya sake yi wa bawul rufi, amma aiki ne mai tsada da ƙwararru ƙalilan ke yi da kyau, kuma dole a lissafa shi cikin kuɗin saye. Sannan a duba bututun farko. Jajayen ɗigo a jikinsa alama ce cewa danshi ya cinye tutiyar da ke cikin tagullar daga ciki, kuma ramin na nan tafe. Gogaggen fenti ba abin damuwa ba ne. Ƙahon da aka goge da inji har ƙarfensa ya yi siriri domin ya yi ƙyalli shi ne abin gudu.

Saura bakin busa, ɗan kofin da ake ɗorawa a leɓe. Mabusan gaba sun fi son marar zurfi, irin Schilke 6A4a da aka danganta da Chase, kuma canza shi yana sauya sautin sama fiye da canza ƙahon ɗungurungum. Ramin da yake shiga a tsohon ƙaho yakan buɗe saboda tsufa, ya nutse fiye da kima, daidaiton sautuka ya ɓaci. Saboda haka da bakin busan da aka saba ake gwaji.

Sayen tsohon ƙaho ta intanet ba tare da damar mayarwa ba cinikin biri a sama ne, domin ko ƙira ɗaya ce ta shekara ɗaya, kowanne da halinsa. Gwajin da ke faɗin gaskiya shi ne a cikin sahu, bayan awa guda ana busa, da wani tsaye a ƙarshen zaure yana saurare, tunda abin da mabushi ke ji a bayan mazurari ba shi ne ke isa kunnen jama'a ba. Ya kamata kuma a ajiye sabon ƙaho a gefe don kwatantawa, kamar Yamaha 8310Z da aka tsara tare da Bobby Shew. Idan tsohon bai fi shi sauƙi a sama ba bayan leɓe ya gaji, sabon ne na aiki.