Katangar da Ba Ta Sha Siminti Ba

Duk wanda ya ratsa tuddan Yorkshire da ke arewacin Ingila zai ga katangun dutse sun zane ƙasar kamar saƙar tabarma. Su taso daga bakin rafi, su haye tudu, su gangara kwari, suna raba makiyayar wannan da ta wancan har iyakar ganin ido. In ka matsa kusa ka cusa yatsa tsakanin duwatsun, ba za ka taɓa siminti ba, ba laka, ba kwaɓi kowane iri. Dutse ne bisa dutse, shi ke nan. Amma da yawansu sun kusa ko sun haura shekara ɗari biyu a tsaye, ruwa na dukansu, ƙanƙara na sauka, tumaki na susa a jikinsu.

Yawancin miƙaƙƙun katangun nan an gina su ne a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da majalisar dokokin Birtaniya ta yi ta zartar da dokokin yanka filayen kiwo na gama-gari ana killace su. Itacen shinge ba ya wadata a kan waɗannan tuddai, dutse kuwa ga shi nan birjik, har garma yake hana tafiya. Sai aka riƙa tsince shi daga gona, ko a fasa a wani rami kusa, a jera a kan iyaka. Gona ta huta, dabba ta sami shamaki.

To me ke riƙe da ita? Bahaushe ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma wannan magana ita ce jarin maginin kaf. Kowane dutse ƙasa yake nema. Gwaninta ita ce a ajiye shi yadda in ya tashi faɗuwa cikin katanga zai faɗa, ya danne na ƙarƙashinsa, na sama kuma ya danne shi. Nauyi, da cizon da kaushin dutse ke yi wa ɗan'uwansa, su ne ke aikin siminti. Mita ɗaya ta katanga mai kaiwa ƙirji takan ci dutse fiye da tan guda, kuma duk da hannu ake ɗaga shi.

Ana farawa da kankare ƙasar sama mai laushi, a yi ɗan rami mara zurfi har a taras da ƙasa mai tauri. A nan ake kwantar da manyan duwatsu, waɗanda sai an mirgino su, a sahu biyu, baya da baya. Wannan shi ne abin da baƙo ba ya ganewa da farko: katangar da yake gani guda, a gaskiya biyu ce, kowacce na kallon nata gefen, suna jingine da juna. A kowane ƙarshe magini kan kafa katako mai faɗi a ƙasa, tsukakke a sama, ya ja igiya daga wannan zuwa wancan. Igiyar ce ke nuna masa miƙewa, katakon kuma ya nuna masa yadda katanga za ta riƙa tsukewa tana hawa, har faɗin samanta ya zama kamar rabin na gindinta. Mutumin da ya buɗe ƙafa ya tsaya ya fi wuyar turewa.

Ƙa'idojin jerawa ba su da yawa, amma ba a yi musu wasa. Ta farko, ɗaya kan biyu, biyu kan ɗaya: kowane dutse ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda mai jera bulo ya sani. In mahaɗa ta hau kan mahaɗa sahu bayan sahu, an yi wa katanga tsaga tun ba ta tsufa ba. Ta biyu, tsawon dutse ciki yake shiga, kamar yadda ake tura itace a murhu, ƙaramar fuskarsa kaɗai ake bari a waje. Sabon shiga yakan so ya shimfiɗa dogon dutse a kan fuskar katanga don aiki ya yi sauri, ya kuma yi kyau a ido. Irin wannan dutse shi ne ke fara sulɓewa. Ta uku, sahu ya kwanta daidai, manya a ƙasa, ƙanana suna biye har sama.

Sai abin da ya fi burge ni a dukan sana'ar, wato cikin katanga, inda ba wanda zai sake gani da zarar an rufe. Tsakanin fuskokin nan biyu akwai rata, kuma ana cike ta da ƙananan duwatsu masu kusurwa. Maginan Ingila daga kalmar zuciya suka samo sunan wannan ciko. Ba a kwarara shi da shebur. Ɗaya bayan ɗaya ake soka shi da hannu, a cusa a bayan kowane babban dutse har ya daina motsi. Ba a sa ƙasa ko yashi, don ruwa zai wanke su ya bar rami. Magini mai ha'inci zai iya gyara fuska ta yi sumul ya watsa tarkace a ciki, a biya shi ya tafi. Sai bayan shekaru katangar ta fara yin ciki, ta buɗe, ta tona masa asiri.

In an kai rabin tsayi, sai a kawo dogayen duwatsu masu faɗi waɗanda za su ratsa daga wannan fuska zuwa waccan, a ɗora su kamar kowace mita ɗaya. Su ne ɗaurin da ke hana fuskokin biyu rabuwa. A ci gaba da jerawa har sama, sannan a rufe da duwatsun kai, yawanci a tsaye kan gefensu, a matse da juna. Su ke danne komai, su ke hana tunkiya mai tsalle ɓarar da sahun sama.

Tsaya ka kalli gwani yana aiki. Ba ya fara duban tarin duwatsu, gurbin yake fara duba. Ya ƙura wa ramin ido na ɗan lokaci, sannan ya juya, idonsa ya bi tarin, hannunsa ya tafi kan guda ɗaya. Ya juya shi sau ɗaya ko biyu, in akwai ɗan ƙaho da ya fito ya ba shi guduma sau ɗaya, ya ɗora. Za ka ji wata ƙara mai nauyi, ƙum, ta dutsen da ya sami mazauninsa. Ya dafa shi da tafin hannu ya girgiza. In ya yi rawa, ya soka masa ɗan tsinin dutse ta ciki, ba ta waje ba, don na waje faɗowa yake. Tsofaffin magina kan koya wa yaransu cewa dutsen da ka ɗaga kada ka mayar da shi ƙasa, ka nemo masa wuri, domin wanda ke ɗauka yana ajiyewa sau biyu yake aikin yini. Da irin wannan natsuwa ƙwararre kan gama mita biyu zuwa uku a rana. A wasu wurare ya bar ƙofa 'yar ƙarama a gindi, daidai wucewar tunkiya amma ba saniya ba. A wasu ya bar duwatsu sun fito kamar matakala don mai tafiya a ƙasa ya haura.

Dalilin daɗewarta kuwa shi ne ba ta jayayya da ruwa ko ƙasa. Ruwa ya zo ya ratsa ta ya wuce, bai taru a bayanta yana turi ba. In sanyi ya daskarar da ƙasa ta kumbura, ko ta ɗan zauna, katangar siminti tsagewa take yi. Wannan kuwa kowane dutse ya ɗan gusa, ya gyara zama, nauyi ya sake matse su. In ma wani sashe ya zube, kayan gyaran na nan a gindinsa. Mun saba cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan bango ƙadangare da ƙananan tsuntsaye da gansakuka duk suna da masauki, bangon kuma lafiyarsa ƙalau.

Shi ya sa ake rainon sana'ar. A 1968 aka kafa ƙungiyar maginan irin wannan katanga ta Birtaniya, tana koyarwa, tana ba da shaidar ƙwarewa mataki-mataki, ana kuma yin gasa. A 2018 hukumar UNESCO ta sa wannan fasaha cikin gadon al'adun duniya da sunan ƙasashe takwas, ciki har da Faransa da Italiya da Girka da Sifaniya. Afirka ma ba baƙuwa ba ce a nan. Babbar ganuwar tsohon birnin da ƙasar Zimbabuwe ta samo sunanta daga gare shi ta kai mita 11 a tsayi, ba kwaɓi ko kaɗan. A nan kusa, kan duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, mutanen Sukur sun yi wa fadar Hidi, wato sarkinsu, katangun dutse, sun shimfiɗe hanyoyin hawa da dutse, sun yanka gefen tsauni hawa-hawa don noma. A 1999 Sukur ya zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya.

Mai son gwadawa a gida ya fara da ƙarami: katanga iya gwiwa kewaye da ɗan lambu ko gindin bishiya, ko layi guda a gicciye inda ruwa ke zaizaye gona. Kafin ka ɗora ko ɗaya, baza duwatsunka a ƙasa ka ware su. Manya kusa da rami, na ɗauri da na rufin kai a gefe don kada ka cinye su a tsakiya, ƙananan ciko a tsibi-tsibi inda hannu zai kai. Ka juya kowane dutse da diga kafin ka sa hannu, saboda kunama. Ka durƙusa ka ɗaga da ƙafafu, ba da ƙugu ba. Babba kuwa ka kira ɗan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk abin da zai wuce ƙugu, ko zai tare ƙasa mai yawa a bayansa, a nemi wanda ya ƙware.

Sahun farko zai ba ka wahala, wataƙila ka rushe shi sau biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Wajen sahu na uku za ka lura idonka ya fara ganin gurbi kafin dutse, hannunka ya fara zuwa kan wanda ya dace ba tare da shawara ba. In ka gama, ka jira ruwan farko. Ka fito ka tsaya ka ga yadda ruwa ke tsiyaya ta ƙasanta yana wucewa, ƙasar lambunka kuma tana nan a bayanta ba ta bi shi ba.