Darussan Fasaha a Makarantun Sakandaren Gana da Matsayin Hausa: Sharhi Daga Kalpohin, Tamale

1.0 Gabatarwa

Kalpohin unguwa ce a birnin Tamale, hedikwatar Yankin Arewa na ƙasar Gana, kuma akwai babbar makarantar sakandare da ke ɗauke da sunan unguwar. Yawancin mazauna wurin Dagwamba ne masu magana da harshen Dagbani, amma duk wanda ya shiga kasuwar Tamale ko zangonta zai ji Hausa a bakin 'yan kasuwa da mahauta da malaman allo. Manufar wannan takarda ita ce ta yi wa ɗalibin harshe bayanin darussan fasaha da aka daɗe ana koyarwa a irin wannan makaranta, sannan ta auna tsarin nasu da ma'auni guda, wato ko yana kai ɗalibi ga rubutattun abubuwan da aka samar a yankinsa. An zaɓi ayyukan Alhaji Umaru Salga domin yin wannan awo.

2.0 Tsarin Darussan

Gyaran ilimi na 1987 ne ya raba sakandaren Gana gida biyu, ƙarama da babba. A babbar sakandare an kasa ɗalibai sashe-sashe: kimiyya, kasuwanci, aikin gona, tattalin gida, zane-zane, sana'o'in hannu, da sashen da ake kira General Arts, wato fasaha da ilimin zaman ɗan Adam. A tsarin da aka bi har zuwa 2024, shekarar da aka fara aiki da sabuwar manhaja, kowane ɗalibi yana ɗaukar darussa huɗu na tilas, wato Ingilishi da lissafi da haɗaɗɗiyar kimiyya da nazarin zamantakewa, sannan ya ƙara da waɗanda ya zaɓa daga sashensa. Tun daga 2006 ɗaliban Gana ke rubuta jarrabawar WASSCE, wadda takwarorinsu na Nijeriya ma suke rubutawa a ƙarƙashin hukuma ɗaya, WAEC, da aka kafa a 1952.

Ana iya kasa darussan zaɓi na sashen fasaha gida uku. Kashi na farko shi ne na harshe da adabi: adabin Ingilishi, Faransanci, da harshen gida, wanda a Tamale Dagbani ne. Kashi na biyu ya shafi al'umma da muhallinta: tarihi, labarin ƙasa, ilimin gwamnati da tattalin arziki. Kashi na uku shi ne na addini, wato nazarin addinin Musulunci da na Kirista. Kowane darasi yana da tambayar da yake ƙoƙarin amsawa. Tarihi yana tambayar abin da ya faru da kuma hujjar da ke nuna ya faru. Labarin ƙasa yana duban yadda wuri ke tsara rayuwar mutanensa. Tattalin arziki yana bin sawun dukiya, ilimin gwamnati yana bin sawun iko, shi kuwa adabi yana nazarin yadda aka sarrafa harshe wajen faɗin duk waɗannan.

3.0 Gurbin Hausa a Cikin Tsarin

Hukumar Harsunan Gana, wadda aka kafa a 1951, ta yi shekaru tana buga littattafai a harsuna 11. Huɗu daga cikinsu na arewa ne: Dagbani da Gonja da Dagaare da Kasem. Waɗannan 11 su ne aka shigar a makarantu a matsayin harsunan gida, kuma babu Hausa a cikinsu. A ɗaya ɓangaren, gidan rediyon gwamnatin Gana ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani. Ke nan hukuma ta yarda jama'arta suna jin Hausa, amma ba ta ɗauke ta harshen da za a karanta a aji ba.

Dalilin da aka fi kawowa shi ne Hausa ba ta da ƙasar gado a Gana, harshen baƙi ne. Wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi bayan dokar korar baƙi ta 1969 a zamanin gwamnatin Busia, wadda ta shafi mazauna zango da yawa. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya ta fuska guda: Tamale ƙasar Dagbon ce, kuma ba daidai ba ne a nemi Hausa ta ture Dagbani daga gurbinsa. Sai dai idan aka dubi harshen yau da kullum, za a ga baƙuntar ta daɗe da ƙarewa. Kalmar zongo daga zango take. Abincin da ake kira tuo zaafi tuwon zafi ne, waakye daga wake, koose daga ƙosai, haka nan koko da fura da ƙuliƙuli. Wannan cuɗanya ta samo asali daga fataucin goro, lokacin da ayarin Hausawa ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato su nufi Gwanja, su sauka a Salga, inda suke sayen goron da ya fito daga dazukan Ashanti.

4.0 Alhaji Umaru Salga a Matsayin Ma'auni

An haifi Umaru ɗan Abubakar a Kano a wajajen 1858, asalin gidansu kuwa Kabi ne. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya bi hanyar fatake ya zauna a Salga, garin da ke da nisan kimanin kilomita 120 daga Tamale. Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1892 kan sarautar Kpembe ya watsa kasuwar Salga, malamai da fatake suka bazu. Umaru ya koma Kete Karaci, ya zama limamin garin, a can kuma ya rasu a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da kuma Hausa cikin ajami. Idan aka jera ayyukansa kusa da darussan da aka lissafa a sama, za a ga kusan kowane darasi yana da rabonsa.

4.1 Tarihi da Ilimin Gwamnati

Waƙar da ya yi da Larabci mai suna Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan ta ba da labarin rushewar Salga daga bakin wanda abin ya faru a gabansa. Waƙarsa ta Hausa kan zuwan Nasara, wadda aka yi a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingila, ta bi garuruwa da sarakunan da Turawa suka ci ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfin waƙar yana cikin wannan jeri. Littafin makaranta yakan ba da labarin mamayar kowace ƙasa daban, gwargwadon iyakokin yau, shi kuwa mawaƙin ya gan ta a matsayin guguwa ɗaya da ta share yankin baki ɗaya.

4.2 Labarin Ƙasa da Tattalin Arziki

A Kete Karaci ya haɗu da Adam Mischlich, jami'in mulkin mallaka na Jamus wanda ya wallafa ƙamus na Hausa a 1906. Umaru ya rubuta masa bayanai masu yawa cikin zube a kan tarihin ƙasashen Hausa da noma da sana'o'i da ciniki da zaman iyali. Douglas Ferguson ya fassara wani kaso mai yawa daga ciki zuwa Ingilishi a kundin digirinsa na uku a 1973, sannan Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warso ya buga wasu a 2000. Ɗalibin tattalin arziki da ke haddace ma'anar kasuwa zai fi gane ta idan ya karanta yadda wanda ya zauna cikin fatake ya bayyana ta.

4.3 Adabi da Addini

Waƙar Talauci da Wadata ta kwatanta yadda jama'a ke wulakanta matalauci ko da yana kan gaskiya, su girmama mawadaci ko da ya kauce. Dabarar da ya yi amfani da ita ita ce ta jera hali kusa da kishiyarsa, ya bar mai sauraro ya yanke hukunci. Waƙar tana da jigon wa'azi, amma idonta yana kan zaman duniya, saboda haka ta dace da ajin adabi kamar yadda ta dace da na addini da na zamantakewa.

5.0 Abin da Awon Ya Nuna

Abu na farko shi ne rauni a tsarin kansa. An raba ilimi gida-gida saboda sauƙin jarrabawa, sai marubucin da ya ratsa gidajen duka ya rasa inda za a ajiye shi. Malamin adabin Ingilishi zai ce ba da Ingilishi ya rubuta ba, malamin harshen gida zai ce Hausa ba ta cikin jeri. A haka ɗalibi zai iya gama sakandare a Kalpohin ya san Shakespeare, bai san cewa a garin da mota ke kaiwa cikin 'yan sa'o'i an yi marubucin da masana a Jamus da Folan da Amurka suka yi shekaru suna nazari ba. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, wadda aka kafa a 1961, ta tattara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami, ciki har da nasa. Kayan aiki suna nan, hanyar kai su aji ce ba a share ba.

Abu na biyu ya shafi ɗaliban Hausa a Nijeriya da Nijar. Sau da yawa akan taƙaita tarihin rubutaccen adabin Hausa a layi ɗaya: waƙoƙin masu jihadi, sai gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Zuben da Umaru ya rubuta cikin ajami ya riga wannan gasa da shekaru masu yawa. Haka kuma tatsuniyoyi da bayanan al'adu da R. S. Rattray ya buga a 1913, wani malami mai suna Malam Shaihu ne ya rubuta masa su cikin ajami a ƙasar da ake kira Gana a yau. Wanda ya tsayar da iyakar adabin Hausa a bakin iyakar Nijeriya ya zubar da wani ɓangare na tarihin zube.

Abu na uku gargaɗi ne, domin kowane allazi da nasa amanu. Bai kamata a karɓi rubutun Umaru ido rufe ba. Yawancin zubensa ya yi shi ne bisa buƙatar jami'in mulkin mallaka, saboda haka dole a tambayi abin da aka nemi ya faɗa da abin da ya ga ya fi kyau ya bari. Malami ne kuma ɗan zango, ya kalli Gwanja da Dagbon ta tagar zango. Salga da ya yi wa kuka babbar kasuwar bayi ce ba ta goro kaɗai ba, kuma waɗanda aka sayar a cikinta ba su bar rubutu ba. Dagwamba kuma suna da nasu ma'adanar tarihi a bakin makaɗan lunsi, waɗanda ke riƙe da jerin sarakunan Yendi da ayyukansu. Nazari na gaskiya shi ne wanda zai aza rubutun ajami kusa da bayanin lunsi da rahoton Bature, ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bayyana darussan fasaha na babbar sakandaren Gana, ta nuna cewa an bar Hausa a wajen jerin harsunan makaranta duk da daɗewarta a ƙasar, ta kuma gwada tsarin da ayyukan marubuci ɗaya. Gyaran da ake buƙata bai kai a canza manhaja gaba ɗaya ba. Malamin tarihi ko na zamantakewa a Tamale zai iya kawo fassarar shafi biyu na rubutun Umaru cikin darasin da ya riga ya tsara. Aikin da ya rage na masu nazarin Hausa ne: juya ajamin zuwa boko, yi masa sharhi, da fassara shi zuwa Ingilishi da Dagbani cikin ƙananan littattafan da ɗan sakandare zai iya karantawa. Wannan ne ya sa ɗalibin harshe ba zai wadatu da nahawu kaɗai ba. Sai ya iya karatun ajami, ya san ɗan Larabci, ya kuma san tarihin hanyar Gwanja, kafin ya iya ɗaukar wannan aiki.