Ayuba da Abokansa: Abin da Karatunmu Ya Tsallake

Duk sa'ad da aka ambaci Ayuba a majami'a, kalmar da take fara zuwa bakinka ita ce haƙuri. Haka muka ji a wa'azi, haka kuma muke faɗa a gidan makoki. Amma buɗe littafin ka ƙirga. Sura 42 ke cikinsa, haƙurin nan da muke yabo kuwa kusan duka a surori biyu na farko yake. A sura ta 3 Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa, daga nan har sura ta 31 kuka yake yi, yana gardama. Karatun da ya tsaya ga haƙuri ya yar da mafi yawan littafin, ya kuma ɓoye mana cewa ba Ayuba kaɗai ake gwadawa ba, har da abokansa.

Elifaz da Bildad da Zofar sun fara da kyau. Sun zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Ɓarnar ta soma ne da suka buɗe baki. Marubucin bai mai da su mugaye ba, masu tsoron Allah ne, maganarsu kuma ta yi kama da gaskiya. Sai dai fargaba ce a ƙarƙashinta: idan adali zai rasa 'ya'ya goma a rana ɗaya, to wa ya tsira? Don hankalinsu ya kwanta, suka nemo masa laifi. Kafin sura ta 22 ta ƙare, Elifaz ya zarge shi da korar gwauraye hannu wofi.

Dubi kuma abin da ya fi ci wa Ayuba rai. A sura ta 19 ba raƙuma yake lissafawa ba, dangin da suka guje shi ne, da baran da ya ƙi amsa kiransa. A sura ta 29 yana tuna mazauninsa a ƙofar gari, inda ake sauraronsa. Masifa ta ƙwace masa dukiya, mutane suka ƙwace masa wurin zama a cikinsu.

Masu nazarin halin ɗan Adam sun iso ga wannan gaskiya. A 1992 Judith Herman, likitar ƙwaƙwalwa a Amurka, ta nuna cewa warkewar wanda tashin hankali ya raunata zuciyarsa tana bin matakai uku: ya sami tsaro, ya faɗi abin da ya same shi ya yi makokinsa, sa'an nan ya sake haɗuwa da jama'a. Ba ko ɗaya da mutum zai cika shi kaɗai.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a Oktoba 2014, jama'a sun watse zuwa Yola da Jos da Kamaru. Waɗansunsu suna zaune kusa da kai ranar Lahadi. Barci ya ƙaurace musu, ƙarar ƙofa tana razana su. Idan ka ce wa irin wannan ya yi haƙuri kamar Ayuba tun bai gama magana ba, Elifaz ka zama.

Wani zai ce ƙarshen littafin ya cika daɗi, tun da aka ninka dukiyar. Amma lura, dabbobi aka ninka, 'ya'ya goma ne kamar dā, domin ɗa ba ya maye gurbin ɗa. Ubangiji kuma abokan ya tsauta wa, ya gaskata mai kukan. Sa'an nan 'yan'uwansa maza da mata suka zo gidansa, suka ci abinci tare da shi, suka yi masa ta'aziyya, kowa ya miƙa abin hannunsa.

Zumunta a ƙafa take. Je ka wurin ɗan'uwan nan, ka zauna, ka bar shi ya faɗi ciwonsa yadda yake, kada ka gyara masa kukansa. In ciwon ya ƙi sauƙi, raka shi asibiti. Mako mai zuwa kuma ka koma.