Baƙon da Ya Shiga Makewayi

Masu tsara wasannin talabijin suna da wata al'ada, watau su ɗauko wani abu daga tsohon fim da suke girmamawa, su saka cikin nasu wasan ba tare da sun faɗa ba. Abin ya yi kama da habaici a bakin mawaƙi. Kowa ya ji waƙar, amma sai ɗan gari ya san inda aka nufa. To, wuyar ita ce, su waɗanda suka gane ɗin ma ba kullum bakinsu ke zama ɗaya ba.

A shekarar 1972 Francis Ford Coppola ya fito da fim mai suna The Godfather, labarin wani gidan miyagu 'yan Mafiya a Amurka. A ciki akwai inda saurayi Michael Corleone ya zauna cin abinci da mutum biyu. Ɗaya shi ne ya sa aka harbi ubansa, ɗayan kuwa babban ɗan sanda ne mai ba shi kariya. Sun lalube jikin saurayin, ba makami. Ashe mutanensa sun riga sun ɓoye masa ƙaramar bindiga bayan tankin ruwa na makewayin gidan abincin. Ya nemi izini ya zaga, ya fito ya harbe su duka biyu.

Bayan shekara 35, ran 10 ga watan Yuni 2007, aka nuna kashi na ƙarshe na The Sopranos, wasan David Chase da aka fara nunawa a 1999. Tony Soprano, shugaban waɗansu miyagu irin waɗancan, yana zaune a gidan abinci da matarsa da ɗansa, suna jiran 'yarsa. Duk sa'ad da aka buɗe ƙofa sai ƙararrawa ta kaɗa, shi kuwa ya ɗaga kai. Wani baƙo yana zaune gefe yana satar kallonsa, can sai ya tashi ya shige makewayi. Ƙararrawa ta sake kaɗawa, Tony ya ɗaga kai, sai hoto ya ɗauke, sauti ya ɗauke, baƙi ƙirin har wajen daƙiƙa goma. Wasa ya ƙare ke nan. Mutane da yawa suka zaci akwatinsu ne ya lalace.

Nan fa gardama ta tashi. Waɗansu suka ce ai magana a fili take, baƙon nan Michael ne na biyu, bindiga ya je ɗaukowa, duhun nan kuwa mutuwar Tony ce. Suka tuna cewa mijin yayarsa, Bobby, ya taɓa ce masa watakila in abin ya zo wa mutum ko ƙararsa ba ya ji. Waɗansu suka ce a'a, ba duk mai shiga makewayi ke neman bindiga ba. Abin da aka nuna shi ne zaman ɗar-ɗar na mai hakkin mutane a wuyansa, wanda kowane baƙo ke zame masa dodo. Su ma ba su rasa hujja ba, gama a wani kashi na 2006 ɗan Tony ya yi yunƙurin ɗaukar wa ubansa fansa, ya kafa hujja da wannan wurin na The Godfather, ya ce ai shi uban ya fi so cikin fim ɗin duka. Uban ya kwaɓe shi, ya ce wannan fim ne kurum.

A ganina na farkon sun fi kusa da gaskiya, amma fa shirun nan da maganar Bobby ne ke goya musu baya. Makewayin shi kaɗai bai isa shaida ba. Kowa ya lura da abin da aka aro, kaɗan ne suka lura da abin da aka ƙi arowa. Coppola ya bi Michael har ciki, muka ga hannunsa yana lalube bayan tanki, muka ga ya zaro ta. Chase kuwa ya bar mu a waje, ƙofa ta rufe. Bindigar da masu kallo suka yi shekaru suna gardama a kanta ba a taɓa nuna ta ba. Su da kansu suka ɗauko ta daga fim na 1972, suka danƙa wa baƙon a hannu.