Baƙon Mawaƙi da Mai Masaukinsa

Kalmar nan zango, wadda ake kiran unguwanninmu da ita a nan Gana, asalinta wurin da ayari yake sauka ne ya kwana. Fataken da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro suna da mai masauki a kowane babban gari. Shi ne zai ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa in rigima ta tashi. In baƙon ya tafi kuwa, akwai abin da zai rage a gidan, wato la'ada, da labarin hanya, wani lokaci har da aure. Da wannan ma'auni nake so mu auna yadda ake shirya wa ƙungiyoyin mawaƙa da makaɗa na ƙasashen waje taro a manyan zaurukan Accra, birnin da mu a zango muke kira Ankara.

Zauren da aka fi sani shi ne Gidan Wasan Ƙasa, wanda ƙasar Sin ta gina aka gama a 1992. Babban ɗakinsa yana ɗaukar mutum kusan 1,500. A can aka ba babbar ƙungiyar makaɗa ta ƙasa mazauni, wadda Philip Gbeho ya kafa a 1959 bisa ga umarnin Kwame Nkrumah. Shi Gbeho ɗin ne ya tsara muryar taken ƙasar Gana. Akwai kuma Babban Zauren Taro na Duniya, wanda aka gina a 1991, da manyan majami'u na tsakiyar birni. A irin waɗannan wurare ne kwayoyin makarantu da na ikkilisiyoyi daga Amurka da Turai suke nuna gwanintarsu.

Sai mu fara da ba masu shiryawa haƙƙinsu, gama aikin ba ƙarami ba ne. Tun watanni kafin ranar ake kama zaure, a nemi izinin shiga ƙasa, a tanadi masauki da mota ta mutum arba'in ko hamsin. Dole a sami mai gyaran fiyano, domin danshin bakin teku yana sauya muryar tsirkiya. Manyan gogunan Turawa da ganguna ba su da sauƙin ɗauka a jirgin sama, saboda haka sau da yawa sai an aro a gida. Mai shiryawa yana bukatar sanin kalandar gari kuma. Jami'o'in Amurka suna rufewa a watan Mayu, lokacin da kwayoyinsu suka fi fita yawo ke nan, a tsakanin Mayu da Yuni kuwa sarakunan Ga sukan hana kiɗa da hayaniya har wata guda kafin bikin Homowo. Wanda ya iya haɗa waɗannan duka ya cancanci yabo. Amma ɗaki da mota rabin aikin mai masauki ne kawai.

Laifi na fari yana cikin jerin waƙoƙi. Ga yadda aka saba: kwayar gida za ta fito da fari, ta yi waƙa biyu ko uku mutane suna ta neman kujera, sa'an nan ta sauka. Baƙi su hau su riƙe dandali har ƙarshe. Daga nan a kira kowa da kowa a yi waƙa ɗaya tare, wadda aka gwada sau ɗaya tak da yammar ranar. A takardar shiri za a rubuta cewa an yi musayar al'adu. Ina musayar take? Mai gida ya zama mai share ƙofa. Wannan tsari yana koya wa yaranmu da ke kallo cewa waƙar gaske ita ce wadda ta sauko daga jirgi, alhali ƙasar da ta haifi Ephraim Amu da Farfesa Kwabena Nketia ba ta rasa abin da za ta sa a tsakiyar tire ba.

Laifi na biyu ya shafi harshe. Baƙi sukan koyi waƙa ɗaya ta Twi ko ta Ewe don su faranta mana rai, niyyar kuwa mai kyau ce. Sai dai harsunanmu suna da hawa da saukar murya, ma'ana kuma tana rataye a kansu. Abin da Amu ya yi ta koyarwa ke nan. An haife shi a Peki a 1899, ya yi karatun malanta da na katakis a Abetifi, ya kuma tsaya a kan cewa muryar waƙa ta bi muryar magana. A 1933 ikkilisiyarsa ta sallame shi daga kwalejin Akropong saboda ya yi wa'azi sanye da zanen gargajiya. Daga baya ƙasa ta girmama shi, har aka sa hotonsa a tsohuwar takardar sidi 20,000, da Gidan Wasan Ƙasa a bayanta. In baƙo ya rera waƙar Amu daga takarda kawai, ba tare da ya zauna da mai harshen ba, zai ba da muryoyi huɗu masu daɗi amma maganar ta ɓace. Jama'a za su tafa don kara. Mai shiryawa nagari zai sa kwana biyu na gwaji tare, a ba kwayamastan gida sanda ya gyara bakin baƙi, kamar yadda su ma suke gyara mana in mun ɗauki waƙoƙin Handel.

Mu masu waƙa da Hausa mun san ciwon nan a cikin gida. Waƙoƙin sujada da yawa an ɗora kalmominsu ne a kan muryoyin Turawa. Hausa kuwa, ban da hawa da sauka, tana bambanta dogon wasali da gajere. In doguwar murya ta faɗa a kan gaɓar fari ta gari, wato birni, sai kunne ya ji garin tuwo. Shi ya sa waƙoƙin da mata suke tsarawa da kansu a zumunta, da tulu da caki, suka fi shiga zuciya. Masu irin wannan sani suna nan a Nima da Maamobi, ba wanda ya tambaye su.

Laifi na uku ke nan, wato su wa suke zaune a kujeru. Daga Nima zuwa Gidan Wasan Ƙasa tafiyar 'yan mintoci ce in hanya ta buɗe, amma katin gayyata ba ya hawo tudun nan. Yakan tafi ofisoshin jakadanci, da manyan makarantu, da ikkilisiyoyin masu hali. In baƙi sun shigo zango ma, a mota mai sanyi suke zuwa su ɗauki hoton kwata, su raba wa yara alewa, su wuce. An kawo su ganin talaucinmu, ba a kawo su jin muryarmu ba. A unguwannin nan kuwa akwai Kiristoci Frafra da Dagaaba da Kusasi da Ewe, waɗanda Hausa ce take haɗa su a kasuwa, akwai majami'ar Katolika ta Kizito Mai Tsarki a Nima, akwai masu kalangu da masu goge, da masu begen Annabi da mandiri a maulidi. Daga Nima ne kuma 'yan VIP suka fito suka sa Hausa cikin waƙar zamani ta Gana.

Tarihin birnin nan ya nuna hanya ta fi ɗaya. A watan Mayu na 1956 Louis Armstrong ya zo Ankara. Makaɗan gida suka tarye shi a filin jirgi, ya busa a fili a tsohon filin folo inda talaka ya iya zuwa, ya kuma yi wasa tare da E. T. Mensah, ƙaho da ƙaho. Ran 6 ga Maris 1971 aka yi babban taron Soul to Soul a Dandalin Baƙin Tauraro, da Wilson Pickett, da Ike da Tina Turner, da kwayar matasa ta Voices of East Harlem. 'Yan Gana ma sun hau dandali, amma fim ɗin da aka yi ya ba baƙi kaso mafi tsoka. A 2007 kuma, shekarar da Gana ta cika hamsin da samun 'yanci, mawaƙan Jami'ar Fisk suka zo daga Nashville. Ƙungiyar ta faro tun 1871 da waƙoƙin bayi, shugabanta a lokacin kuwa, Paul Kwami, haifaffen Gana ne. Suka je gidan bayi na Elmina suka yi waƙa a can. Wannan ziyara ta yi nauyi domin wurin da waƙar sun dace da juna, mai jagora kuma ya san gida ya san waje.

Wani zai ce kuɗi ne matsala, wani kuma ya ce zango na Musulmi ne, kwaya ba za ta karɓu ba. Game da kuɗi, motar tro-tro biyu da kujeru hamsin na kyauta ba su kai kuɗin abincin dare ɗaya na baƙi a otal ba. Game da addini kuwa, a watan Afrilu na 2019 Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya je majami'ar Kristi Sarki ranar Ista, yana cika shekara ɗari. Maƙwabtanmu sun san baƙunci. Abin da ake bukata shi ne ladabi: a gai da sarkin zango da limamai tukuna, a kiyaye lokutan salla, kada a sa taro a bakin shan ruwa cikin azumi.

Saboda haka ga abin da nake roƙo ga masu shiryawa da shugabannin ikkilisiya. A raba dandali daidai tsakanin baƙo da ɗan gida. A sa gwaji na haɗin gwiwa cikin yarjejeniya tun daga farko. Kowace ƙungiya da ta yi dare ɗaya a babban zaure ta yi yini ɗaya a unguwa, tana koyarwa tana kuma koyo. Takardun waƙa da aka zo da su a bar wa kwayar gida, a tafi da namu. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 13 ta gargaɗe mu kada mu manta da karɓar baƙi, kakanninmu na zango kuma sun yi haka tun kafin a gina zaure ko ɗaya a birnin nan. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, raɓa ba ta daɗewa, amma inda ta sauka ciyawa takan nuna. In an share zaure washegari, sai mu tambaya wace waƙa ce sabuwa a bakin yaran Maamobi, wace ce kuma tamu ta hau jirgi da ma'anarta cikakkiya.