Masu Karanta Daji da Ƙafa da Taswira

A Ingila akwai mutanen da idan suka shiga daji, ba shan iska kaɗai ya kai su ba, tarihi suke bi. Da yawansu ba malaman jami'a ba ne. Za ka ga dattijon da ya ajiye aiki, ko malamar firamare, waya a hannu, takalmi duk taɓo, suna son sanin tun yaushe dajin bayan garinsu yake tsaye, su wa suka kewaye shi, me kuma aka ci da shi.

Daga ɗaki aikin yake farawa. Babban ɗakin karatu na ƙasar Sukotland ya ɗora tsofaffin taswirorin hukumar safiyon Birtaniya a intanet kyauta, har da na ƙarni na 19. Mutum zai buɗe tsohuwar taswira a hagu, hoton tauraron ɗan'adam na yau a dama, ya gwada su. Nan take zai ga inda daji ya tsuke, da inda gona ta koma kurmi, da hanyar da ta ɓace. Abin da kowa ke fatan samu shi ne dajin da bai taɓa gushewa ba tun shekarar 1600, wanda a Ingila ake kira daɗaɗɗen daji. An tsayar da wannan shekara ne domin kafin ita ba kasafai ake dasa daji ba. Irinsa bai wuce kashi 2.5 cikin 100 na ƙasar Birtaniya ba.

Sai dai taswirar ƙarni na 19 ba za ta kai ka 1600 ba. Sauran tafiyar ƙafa ce ke yin ta, kuma a nan gwanintar take.

Gwani yakan fara da bin gefen dajin, yana neman tsohon tudu da rami da aka yi don hana dabbobi shiga su cinye toho. Idan tudun mai faɗi ne, yana lanƙwasa nan da can, ramin kuma yana ta waje, alama ce ta tsufa ƙwarai. Siriri miƙaƙƙe kuwa aikin baya-bayan nan ne. Daga nan sai kututture. A da, mutane sukan sare itace daga tushe duk bayan 'yan shekaru, ya sake tohowa da sanduna masu yawa, kuma kowane sara yana ƙara wa kututturen faɗi har ya zama da'ira. Saboda haka sandar da ka gani ta shekara goma ce, amma gindin da ya haife ta yana iya kai ɗaruruwan shekaru. A dazukan Bradfield da ke Suffolk, tun 1252 ake wannan sara. Wannan ya fi komai burge ni: mai wucewa zai ga ƙananan itatuwa ya ce sabon daji ne, mai sani kuwa ƙasa zai duba.

Kunya ma tana ba da shaida. Idan aka ga tsofaffin kunyoyin garma a jere ƙarƙashin manyan bishiyoyi, to wurin ya taɓa zama gona, komai girman itatuwan. Shi ya sa ake fita lokacin hunturu, sa'ad da ganye ya kaɗe, ƙasa ta bayyana. Yanzu har akwai awon da jirgin sama ke yi da hasken leza, mai tsallake ganye ya fito da tudu da kwari a allon kwamfuta, amma shi ma sai an je an taka wurin kafin a yarda da shi.

Wanda ya fi kowa koya wa jama'a wannan karatu shi ne Oliver Rackham na Jami'ar Kambrij, wanda ya rasu a 2015. Ya ɗauki dajin Hayley, wanda sunansa ya fito a kundin dukiyar bishop ɗin Ely na 1251, ya gwada takarda da ƙasa har suka gaskata juna. Ya nuna cewa gatari bai kashe irin waɗannan dazuka ba, amfanin da ake samu da su ne ma ya sa aka tsare su.

Mu ma muna da masu wannan ido. Maharbi ko makiyayi ya san cewa tarin kukoki a tsakiyar daji kufai ne, ya san ramukan marina da ragowar ganuwa. Abin da ya rage shi ne a haɗa saninsu da taswira, ga kuma Google Earth yana ajiye da hotunan shekarun baya. Matasa masu waya, inda tsaro ya ba da hali, ku ɗauki dattijo ɗaya ku zaga dajin garinku, ku sa alama a kowane kufai, ku rubuta sunansa da na mutanen da suka tashi daga cikinsa tun masu sanin suna raye.