Tsokaci a Kan Koyar da Kalmar "Jab" a Darasin Fassara

1.0 Gabatarwa

Wannan tsokaci ya dubi wata al'ada da ta zama ruwan dare a darasin fassara, wato jera kalmomin Ingilishi a hagu, a ba kowace takwara guda ta Hausa a dama. Za a auna wannan hanya da kalmar "jab", wadda akan fassara da "naushi" kurum.

2.0 Ma'ana da Amfani

Kalmar ta fito ne daga karin harshen mutanen Sikotlan a farkon ƙarni na 19, tana kuma zuwa a matsayin suna da aikatau. Ginshiƙan ma'anarta uku ne: sauri, da gajarta, da miƙewa kai tsaye zuwa wuri guda. A damben Turawa, ita ce bugun da ake aikawa da hannun gaba a janye nan take, domin auna tazara da share fage ga bugu mai nauyi. Da shi Larry Holmes, zakaran duniya na ajin masu nauyi daga 1978 zuwa 1985, ya yi suna. A Ingila kuma tana nufin allura, ma'anar da ta cika kanun jaridu bayan fara rigakafin korona a Disambar 2020. Haka nan ana amfani da ita ga gajeriyar magana mai suka.

3.0 Sharhi

Aibin "naushi" shi ne nauyin bugu yake nunawa, ba saurinsa ba. Dalili kuwa yana cikin al'ada. A damben gargajiya, hannun da aka naɗe shi ke duka, na gaba kuwa a buɗe yake, aikinsa kariya. Don haka Bahaushe bai tanadi suna na musamman ga bugun hannun gaba ba. Sai dai wannan ba talaucin harshe ba ne. Abin da Ingilishi ya dunƙule a kalma guda, Hausa ta rarraba shi tsakanin aikatau da amsa-kama:

(a) Ta zungure shi da gwiwar hannu.
(b) Ya kai masa gajeren naushi, ya janye hannu wuf.
(c) An yi wa dattijon allurar rigakafi.
(d) Ya yi wa abokin takararsa gugar zana.

Ɗalibin da aka haddatar da "naushi" kaɗai, in ya ci karo da jimla ta (c) a jaridar Ingilishi, zai mayar da jinya ta koma duka. Ɗaliban nan kuwa su ne tafintocin asibiti da masu fassara labarai na gobe, inda kuskure kan taɓa lafiyar jama'a.

4.0 Shawara

Ya kamata manhaja ta tanadi cewa kowace kalma mai harshen damo a gabatar da ita cikin jimloli aƙalla uku masu muhalli daban-daban. A jarrabawa kuma, a ba da maki ga dacewar fassara da muhallinta, ba ga haddar jerin kalmomi ba.